Sisin Gwal: Yadda Aka Cike Gurbi na Ƙarshe a Gwangwanin Baffa

Ranar Juma'a ba a tambayar hanyar kasuwa a Wudil. In daga Kano ka taso, tun kafin ka hau gada za ka fara cin karo da manyan motoci sun yi jerin gwano, wasu sun kawo shanu, wasu suna jiran lodi zuwa kudu. Ƙurar kara ta turnuƙe, dillalai na ta kai gwauro su kai mari, masu fura da nono sun jera ƙore a bakin titi. Dukiya mai yawa ke sauya hannu a wannan yini, amma yanzu da wuya ka gan ta da ido. A daidaita ciniki, a danna waya, alat ya shigo, a ja sa.

A wata Juma'a irin wannan ce Baffana, ƙanin mahaifina, tsohon malamin firamare da ya daɗe da yin ritaya, ya kai bijimin da ya yi wata da watanni yana turkarsa. Mutanen gida sun zaci kuɗin Umara yake haɗawa, ko kuwa zai sauya kwanon ɗakin da ke yoyo. Ashe abin da zai saya ko faɗin murfin kwalbar lemo bai kai ba. Sisin gwal ne ƙwaya ɗaya, wanda ya fi shekara talatin yana nema.

Abin da ke cikin gwangwani

Baffa yana da wani tsohon gwangwanin biskit da fentinsa ya koɗe. A ciki akwai kwali da ya yanka wa ramuka, ya shimfiɗa masa ƙyallen karan-miski, kowane rami da mai shi. Tun muna yara yakan buɗe mana shi bayan sallar la'asar, ya jera mana lissafin da iyayenmu suka tashi da shi: anini goma kwabo, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo goma sha biyu sule, sule biyu dala ko fataka, sule ashirin fam. Wato anini 2,400 ne ke yin fam guda. Har yau muna cewa "ko anini" da "ko sisin kwabo", alhali yawancin masu faɗa ba su taɓa riƙe ko ɗayansu ba.

Ramin farko na wuri ne, farin kuɗi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Da Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza liyari guda a kan wuri 2,500. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, don haka mai babban ciniki sai ya nemi 'yan dako da masu ƙirga. Kusa da wurin akwai liyarin kansa, wato azurfar nan ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa, mai nauyin giram 28. Kusan duk wanda ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinsa, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har bayan mutuwarta da ƙarni biyu. Na Baffa yana da ɗan kunne da maƙeri ya liƙa masa, alamar ya taɓa rataya a wuyan wata.

Daga nan sai kuɗin Turawa. Akwai anini da kwabo masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, waɗanda aka fara bugawa a 1907, da rubutun Larabci a jikinsu saboda mutanenmu su iya karantawa. Aninin farko na alminiyom ne, yana cikin kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Akwai kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin shekarar ta ƙare. Akwai sule mai bishiyar kwakwar manja, wanda Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta fara fitarwa a 1913, da azurfa kafin daga baya a koma tagulla. Irin waɗannan sulalla ne suka malalo Kano bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911 cinikin gyaɗa ya kankama, kuma irinsu ne ake ba da labarin Alhassan Ɗantata ya kai wa bankin Turawa a kan raƙuma ashirin a 1929. Daga su aka sami kalmar jaka, buhun fam ɗari, wadda ta koma naira 200 da aka sauya kuɗi ranar 1 ga Janairun 1973.

Duk waɗannan Baffa ya same su ba tare da wata wahala ba. Wasu a kasuwar Kurmi wajen masu sayar da kayan da, wasu a ƙasan adakar tsofaffi, wasu kuma iyayen ɗalibansa ne suka kawo masa da suka ji malam na son tarkace. Rami ɗaya ne a saman kwalin ya zauna fayau. In muka tambaya sai ya ce, "Wannan na mai gida ne, bai iso ba tukuna."

Wane ne mai gidan?

A bakin mutanenmu duk wata tsabar zinariya mai kewaye sisin gwal ce. Ana jin sunan a wajen ɗaurin aure idan aka ce an ba da sadaki sisin gwal kaza, ana kuma ganinta a tsakiyar sarƙar mata. Asalinta fam ɗin zinariya ne na Ingila, wanda Turawa ke kira sovereign. An fara buga mai wannan suna a 1489, amma irin wanda muka sani ya fito a 1817. Nauyinsa giram 7.98, faɗinsa milimita 22, zinariyarsa karat 22 ce, wato a cikinsa akwai giram 7.32 na zinariya zalla, sauran jan ƙarfe ne da ke ƙara masa tauri. A fuska ɗaya kan sarki ko sarauniya, a ɗayar kuma mahayi ne riƙe da gajeren takobi, dokinsa na tattake wani dodo. Wani ɗan Italiya mai suna Benedetto Pistrucci ne ya zana shi.

Akwai kuma rabinsa, mai darajar sule goma, wanda faɗinsa ya zo daidai da na sisin azurfa. Kamar ta kai ga a 1887 gwamnatin Ingila ta janye wani sabon sisi da ta fitar, domin 'yan damfara suna shafa masa ruwan zinariya su miƙa shi a matsayin rabin fam. Wataƙila wannan kamar ce ta sa Bahaushe ya haɗa sisi da gwal a suna ɗaya.

Ba a Landan kaɗai aka buga shi ba. A wasu wuraren da Turawan Ingila suka sami zinariya mai yawa sukan kafa gidan buga kuɗi a kusa, su sa ɗan harafi a jikin kuɗin don a san inda ya fito: S, M da P na biranen Sidni, Malbon da Pat a Ostireliya, C na Kanada, I na Bombai a Indiya a shekarar 1918 kaɗai, sai SA na Firitoriya a Afirka ta Kudu daga 1923 zuwa 1932. Galibi harafin yana maƙale a ƙasan kofaton doki, saman shekara, kuma sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa sosai.

Wannan na ƙarshen Baffa ke nema: mai kan Sarki Joji na Biyar, bugun Firitoriya. Yana da dalilai biyu. Na farko, Jojin ne a kan tsohon sulensa, don haka jerin zai tafi daga anini har fam a hannun sarki ɗaya. Yakan yi dariya ya ce a kan sulen talakawa Joji ya sa kambinsa, amma da ya hau zinariya sai ya tuɓe, kai ba hula. Na biyu, zinariyar Afirka ce, a ƙasar Afirka aka buga ta.

Wanda aka narka

Akwai dalili na uku da bai cika faɗa ba. Titin da ya ratsa Wudil ya nufi Azare da Potiskum da Maiduguri yana kan tafarkin da alhazan ƙasa suka bi shekara da shekaru: su ƙetare Chadi, su shiga Sudan ta Darfur, su kai El Obeid inda jirgin ƙasa yake, su gangara Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa noma ko ƙodago. Kuɗin takarda na wata ƙasa ba ya aiki a wata, sulalla kuma nauyi gare su. Fam ɗin zinariya kuwa ana ɗinke shi a cikin ɗamara, kuma babu ɗan canjin da bai san shi ba daga Kartum har Makka. Ƙasar Saudiyya ma da ta tashi buga nata kuɗin zinariyar, mai ɗauke da shekarar Hijira 1370, nauyi da karat na fam ɗin Ingila ta bi sak.

Kakanmu yana cikin waɗanda suka yi wannan tafiya, ya kuma dawo da ƙwaya ɗaya da ta rage masa. Ita ce ya ba kakarmu, ta ajiye ta a ƙulle cikin tsumma a ƙasan taskira. Baffa ya ce yana ɗan makaranta ya taɓa riƙe ta sau ɗaya, kuma abin da bai manta ba shi ne nauyinta: abu ƙarami a tafin hannu amma kamar yana jan hannun ƙasa. Da auren babbar 'yar gidan ya zo, aka kai ta wajen maƙerin farfaru ya narka ya yi 'yan kunne. Ba wanda ya yi laifi, don biyan buƙata aka ajiye ta. Sai dai daga ranar babu sauran abin da za a nuna wa jika a ce ga shaidar tafiyar kakanka.

Zinariyarmu, hatimin wasu

Abin da ya faru a gidanmu shi ne ya faru da yankin gaba ɗaya. Afirka ta Yamma ta yi ƙarnoni tana ciyar da duniya zinariya daga Bambuk da Bure da ƙasar Akan. Da ita Murabiɗai suka buga dinarensu a Sijilmasa. Da ita Mansa Musa ya karya farashin zinariya a Alƙahira a hanyarsa ta hajji a 1324. Kuɗin zinariya da Ingila ta fara bugawa a 1663 ma sunan Gini aka sa masa, saboda daga gaɓar tekunmu aka kwaso ƙarfen. A kusa da mu, kaburburan Durɓi Takusheyi a ƙasar Katsina sun fito da kayan ado na zinariya da ke nuna sarakunan da sun san ta sun kuma yi ado da ita.

Duk da haka a kasuwanninmu awon ta ake yi da miskali, gari ko curi ko zobe, ba tare da hatimin wani sarki ba. Malamin Andalus al-Bakri ya rubuta a ƙarni na 11 cewa mutanen Tadamakka, a arewacin Mali ta yau, suna da dinare na zinariya zalla marar rubutu, kuma masu haƙar kayan tarihi sun tono tukwanen zubinsa a can a 2005. Wannan al'ada ta kallon zinariya a matsayin nauyi kawai ita muka gada. Mai gwal ba ya tambayar shekara, sikeli yake jawowa.

Addini ma ya riƙe mana ma'aunin. Dinaren da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, wanda ya cire masa hoto ya bar rubutu zalla, nauyinsa kimanin giram 4.25 ne. Da shi ake lissafin nisabin zakka, dinare 20, kusan giram 85, da mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, rubu'in dinare, da diyyar rai, dinare 1,000. Shi ya sa hukumomi irin su Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ke fitar da sabon lissafi a kai a kai yadda farashin zinariya ya motsa. Da wannan ma'auni, sisin gwal ɗaya ya ninka mafi ƙarancin sadaki kusan sau bakwai, kuma sai an tara kamar goma sha biyu kafin su kaɗai su kai nisabi.

Kama da wane ba ta wane

Sau biyu Baffa yana zaton ya dace. Na farko wani baƙo ne ya zo masa da magariba da abu a ƙunshe cikin takardar siminti, ya ce a tsohon bango aka tono shi, kuma kuɗin mota kawai yake nema. Baffa ya biya cikin rawar jiki. Da aka ɗora a sikeli sai ga shi wajen rabin nauyin da ya kamata, domin tagulla ce aka yi wa wanka. Zinariya ta ninka tagulla nauyi, don haka jabun da ya yi daidai a faɗi da kauri dole ya gaza a sikeli, wanda kuma ya cika sikeli dole ya yi ƙiba. Araha ba ta ado. Wannan jabun yana nan a gwangwanin har yau, a bayan kwali, ya ce kuɗin makaranta ne ya biya.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Wata 'yar uwa ce ta dawo daga Umara da sisin gwal sabo fil, ga Joji ga doki. Gwal ne na gaskiya, amma a gefensa akwai ɗan tambari 875, wato karat 21. Irin wannan maƙeran ƙasashen Larabawa ne ke kwaikwayonsa don ado da ajiya, ba su kuma ɓoye hakan. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta buga kwaikwayo a Italiya da Gabas ta Tsakiya, har wannan ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Ingila ta koma buga na ainihi a 1957. Mai neman sadaki ba shi da asara da irin wannan. Mai neman tarihi kuwa bai sami komai ba, don kuɗin bai taɓa shiga aljihun kowa a matsayin kuɗi ba.

Na gaskiyar ta waya ya zo. Wani mai gwal a cikin birnin Kano, wanda Baffa ya shekara da shekaru yana leƙa wa har ya zama abin tsokana a layin, shi ya kira. Wasu magada ne suka kawo kayan mahaifiyarsu don a mayar da su kuɗi a raba, a ciki akwai tsohon sisi ɗaya, kuma duk za a haɗa a narka. Baffa ya roƙi a jira shi zuwa bayan kasuwar Juma'a. Ni na raka shi ranar Asabar, tafiyar kilomita arba'in da ɗoriya, bai ce uffan ba har muka sauka.

Mai shagon ya zazzage shi daga 'yar leda a kan gilashi, ya jawo baƙin dutsen gwaji da kwalbar ruwan asid. Baffa ya riƙe masa hannu.

"Alhaji, don Allah kada ka goga."

"Baba, in ban goga ba ta yaya za ka yarda?"

"Ɗora shi a sikeli, sauran ka bar mini."

Sikeli ya nuna giram 7.9 da 'yan ɗigo, daidai da kuɗin da ya sha hannu. Baffa ya fito da abin awon faɗi da ya aro wajen wani mai gyaran inji, ya auna, milimita 22. Ya kara masa maganaɗisu, bai motsa ba. Ya ɗora shi a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa da wani sulen, ƙarar ta fita siririya ta daɗe tana amo. Sannan ya ciro gilashinsa ya sunkuya. Gashin Joji ya ɗan shafe a saman kunne, haƙoran gefe sun jeru ba wanda ya karkace, a ƙasan kofato ga SA, a ƙasansa 1928. Ya ɗago ya dube ni, ya ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ciniki bai ja ba. Mai gwal ya duba farashin giram na ranar a waya, ya ninka, ya ɗora ɗan abin da zai ci. Baffa ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama. Na lura ko kwabo ba a caje shi ba don shekarar ko don harafin. Nauyin ya saya, tarihin kyauta aka ba shi.

Farashi biyu

A wasu ƙasashe wannan kyautar ita ce ake biya da tsada. Wani dinaren Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira, mai rubutun da ke nuna zinariyarsa daga ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz ta fito, an yi gwanjonsa a Landan a 2011 a kan fam miliyan 3.72, alhali nauyinsa bai wuce na sauran dinare ba. A 2021 an sayar da wata tsabar dala ashirin ta Amurka, bugun 1933, a kan dala miliyan 18.9. Na Baffa ba ya cikin wannan sahu, domin an buga irinsa da yawa, ko da yake bugun Firitoriya na 1923 da 1924 ƙalilan ne kuma masu tarawa na rububinsu. Wanda bai karanta shekara ba zai narka mai tsadar da mai arahar a tukunya ɗaya.

Tukunyar kuma sai ƙara zafi take yi. Har zuwa 1971 farashin hukuma na oza ɗaya na zinariya dala 35 ne. A watan Maris na 2025 ya haye dala 3,000, a watan Oktoba ya wuce 4,000. Fam ɗin zinariya yana ɗauke da kusan rubu'in oza, ga kuma naira da ta faɗi. Duk lokacin da farashi ya tashi, ƙarin tsofaffin ajiya ke fitowa daga ƙasan gado su nufi wuta. Akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Najeriya a Abuja, amma abin da ke hannun iyalai ya fi abin da ke bayan gilashi yawa, kuma shi ne ba wanda ke tsaronsa.

Baffa ya sa sisinsa a raminsa na dare ɗaya, ya kira jikoki suka gani, kowa ya riƙe ta gefe. Bai wanke shi da toka ko lemon tsami ba, don gogewa na cinye zane ta rage daraja. Washegari ya kai shi ajiya inda ba a gida ba, ya bar hotonsa a ramin. Ya kuma ɗauki takarda ya rubuta nauyi da shekara da inda aka buga shi da yadda ya zo hannunsa, ya haɗa da labarin wancan da aka narka, ya sa hannu.

Mai karatu, in akwai irin wannan a gidanku kuma buƙata ta taso, ba wanda zai hana ku sayarwa. Amma kafin a kai wa maƙeri, a karanta shekarar, a duba harafin ƙasan kofato, a ɗauki hoton fuska biyu, a tambayi tsohuwar gidan yadda aka yi ya shigo, a rubuta. In da hali a nemi mai sayensa a yadda yake. Zinariyar da aka narka tana nan da nauyinta a kunnen amarya, amma shekarar da ke jikinta ba maƙerin da zai iya mayar da ita.